Wayar da Auta Ba Ya Bari Ta Katse

Ƙanena ne, ciki ɗaya, shi ne na ƙarshe a ɗakinmu, shi ya sa har furfura ta fara tsiro masa a gemu Auta muke kiransa. Mutanen waje kuwa Injiniya suke ce masa. Ni dai ban taɓa ganin injin da ya ƙera ba, kuma na sha faɗa masa haka a gaban idonsa. Aikinsa kwamfutocin mutane. Duk ofishin da bai kai ya ɗauki ma'aikacin kwamfuta na dindindin ba, Auta yake kira. Shi zai haɗa musu intanet, ya buɗe musu imel, ya gina musu shafi, in firinta ta yi gardama ya je ya lallashe ta. Ba shi da ubangida, ba shi da yaro. Shi ne shugaba, shi ne masinja.

Shagona na ɗinki yana ƙasa, ofishinsa yana sama, matakala ɗaya ce ta haɗa mu, mai ƙunci, wadda sai ka karkata in kana ɗauke da kaya. Duk wanda zai hau sai ya bi ta gaban kekena, kuma duk wayar da Auta ya amsa ina jin ta ta silin. Ba gulma ba ce, silin ɗin ne ba shi da kauri. Ofishin kansa ɗaki ɗaya ne: tebur, fanka mai kaɗa kai kamar tana musu, kwali cike da wayoyi a cukurkuɗe, da kanta ɗaya ta matattun kwamfutoci da masu su suka ce za su dawo su ɗauka tun ina da sauran ƙarfin ido.

Da can a wani babban kamfani yake. Ya ajiye aikin ne saboda, in ji shi, a can mutum ba mutum ba ne, lamba ce a kan layi. Wani zai kira yana haki, a ce masa ya jira a tura ƙorafinsa. Ranar da ya buɗe nasa ya yi wa kansa alkawari biyu, kuma su biyun nan su ne Auta.

Na farko, waya ba za ta yi ƙara ta katse a hannunsa ba. Ko yana cin abinci, ko yana wanka, zai fito da kumfa a kunne ya ɗauka. Matarsa, Malama, takan ce in gobara ta tashi a gidansu wayar zai fara fitarwa, sannan ya dawo ya tambayi ina yara. Kuma kalma ɗaya yake fara faɗa, ko waye: “Ina jin ka. Faɗa mini daga farko.” Ya ce mutum in ya tsorata daga ƙarshe yake farawa, wai komai ya mutu, komai ya ɓace. In ka mayar da shi farkon zancen, rabin gyaran ya gyaru. Na ji wannan kalmar ta silin har kekena ma ya haddace ta.

Na biyun shi ne wanda ban taɓa so ba. Ashe shafin intanet ma rajista ake yi masa kamar mota: sunan mai shi, lambar waya, adireshi, kuma duk shekara sai an sabunta. To mutanenmu ka san su. Wannan ya manta kalmar sirri, wancan ya yar da layin da aka yi rajista da shi. Wani mai kantin magani shafinsa ya mutu ta haka, ya hawo sama yana zage-zage kamar Auta ne ya kashe. Tun daga ranar, duk wanda ya gina wa shafi, sunan kansa yake sawa, da lambarsa, da adireshin benenmu. Ya ce shi ba ya mantuwa, ba ya canja layi. Akwai kuma dalilin da ba ya faɗa da ƙarfi, amma ni na raine shi, na san cikinsa: wanda makullin ƙofarsa ke aljihunka ba ya saurin zuwa wurin wani.

Na ce masa, “Auta, ni in na ɗinka wa mace riga ta sa ta je ta yi dambe a kasuwa, ba ni za a kama ba. Kai kuwa ka ɗinka rigar, ka kuma rubuta cewa taka ce.”

Ya yi dariya ya ce, “Yaya, ke dai ki kula da allurarki.”

Shekaru suka yi ta tafiya lafiya lau, har na fara jin kunyar maganata. Wata makaranta tana hannunsa, ofishin wata lauya yana hannunsa, kantin maganin nan ma ya dawo. Yana zagaya su ko ba abin da ya lalace, ya zauna, ya tambayi lafiyar iyali, ya hure ƙurar madannan kwamfuta ya tafi. Sun yarda da shi fiye da yadda suka yarda da 'yan'uwansu.

Sai wani da ake ce wa Darakta ya zo.

Ni ya fara gaisarwa, har da ɗan rusunawa, ya yaba wani ɗinki da ke rataye. Murya a ƙasa, turare mai sanyi, takalmi ba ƙura. Ya ce kamfani suka buɗe na sama wa mutane aiki a ƙasashen waje, masu walda, direbobi, ma'aikatan jinya, kuma an ce masa duk garin ba kamar Injiniya. Yana son shafin da mutum zai shiga ya cike bayanansa, ya sa hotonsa da na fasfo, da akwatin saƙo da waɗanda suka tafi za su riƙa rubuto wa iyalansu. Ina ji ta silin Auta ya tambaye shi takardun kamfani don rajista. Sai ya yi 'yar dariya ya ce, “Haba Injiniya, ai na ji kai naka kake sawa. Yi mana yadda kake yi wa kowa mana.”

Ƙafata ta tsaya a kan keke. Mutum ya zo karon farko, amma ya riga ya san wannan? A ina ya ji, kuma me ya sa ya riƙe?

Bayan ya tafi na hau na faɗa wa Auta. Ya ce ai suna ne ya tafi, abin farin ciki ne. Ya ce bai taɓa samun mai hulɗa irin wannan ba: ba ya kira a kan shirme, ba ya ja-in-ja, ba ya tsaya maka a ka yana koya maka aikinka. Har a ƙasan shafin Darakta ya ce a sa lambar Auta, wai ko wani zai samu matsala wurin cikewa. Auta ya sa, yana jin daɗi an san darajarsa.

Na ga ofishin da idona, domin ni aka ba ɗinkin labulensa. Sabon gini ne, har yanzu yana warin fenti. Kujerun jira ba a cire musu leda ba, in ka zauna sai ƙara. Ga hotunan jiragen sama da dogayen gine-gine, manya-manya, masu kyau, amma duk a jingine suke da bango a ƙasa. Na fito da ƙusoshina zan kafa sandar labule, sai sakatariya ta taso da sauri ta ce a'a, Darakta ba ya son a huda bango, in ɗaura da igiya kawai. Na ɗaura. Na fito abin yana damuna ban san dalili ba. Sai a hanya ya zo mini: wanda zai daɗe a wuri yana buga ƙusa.

Na gaya wa Auta wannan ma. Ya ce haya suke yi, mai ginin ne mai tsanani. Ya ce, “Yaya, ke ko a aljanna sai kin leƙa bayan labule.”

Ina da ɗa ɗaya namiji, Dogo. Mai walda ne, da matarsa da 'yarsu ƙarama, aiki kuma ya yi masa ƙaranci. Tun yana saurayi ba ya ce mini Mama, Tsohuwa yake ce mini don tsokana, in jefe shi da tsumma ya goce. Wata rana ya hau gaishe da kawunsa, ya tarar da shafin a buɗe, hoton wani mai walda da hular ƙarfe yana murmushi. Ina jin su.

“Kawu, wannan abin gaskiya ne?”

Auta ya ce, “Ni na gina shafin da hannuna.”

Ka lura, bai ce gaskiya ne ba, bai ce ƙarya ne ba. Abin da ya sani ya faɗa. Amma a kunnen Dogo, da a kunnen duk wanda ya ga lambar Injiniya a ƙasan shafin nan, wannan ya fi rantsuwa. Na yi faɗa, na yi kuka, na kawo zancen ƙusa. Dogo ya rungume ni ya ce, “Tsohuwa, ke da ƙusarki! In na dawo zan buga miki su har ki gaji.” A kan teburin kawunsa ya cike komai.

Ya tafi tare da wasu da yawa. Ya kira sau ɗaya daga hanya, ya ce za a karɓi fasfo da wayoyinsu a yi musu rajista, in suka isa ta akwatin shafin za mu riƙa jin su. An ma sa su haddace lambar da ke ƙasan shafin, ko da wani abu. Bayan kwanaki saƙo ya shigo. Auta ya sauko da fara'a ya karanta mini: “Mahaifiyata mai daraja, na iso lafiya, aiki yana kyau.”

Na ce, “Sake karantawa.”

Ya sake. Na ce, “Auta, yaushe Dogo ya fara ce mini mahaifiyata mai daraja?”

Fara'ar ta bar fuskarsa a hankali. Ya koma sama. Daga baya na ji ya buɗe sauran saƙonnin da aka aiko wa sauran iyaye, abin da bai taɓa yi wa akwatin kowa ba. Duk iri ɗaya ne, kalma da kalma. Kuma ya duba inda suka fito, domin aikinsa ne ya sani. Ba daga wata ƙasa suka fito ba. Daga kwamfutar sakatariya suka fito, wadda shi da kansa ya haɗa.

Ya kira Darakta, a kashe. Ya kira sakatariya, a kashe. Ya sauko ya ɗauki babur ɗinsa, na ce wallahi ƙafata ƙafarka. Muka tarar da ƙofar a buɗe. Ba kujera, ba hoto, ba ko takarda a ƙasa. Bango fes, ba rami ko ɗaya, kamar ba a taɓa zama ba. Labulena kawai suka bari, yana lilo a igiyarsa. Maigadi ya ce da rana tsaka suka kwashe a babbar mota, wai sun samu wuri mafi girma, har suka yi masa sallama da hannu.

A nan tsaye wayar Auta ta fara ƙara. Ya dube ta, ya dube ni. Ya ɗauka. “Ina jin ki. Faɗa mini daga farko.” Ina jiyo muryar matar daga inda nake, tana tambayar ina mijinta.

Daga ranar wayar ba ta huta ba. Duk lambobin kamfanin sun mutu, tasa ce kaɗai mai rai. Uwaye, mata, tsofaffi masu rawar murya. Wasu su roƙa, wasu su zaga, wasu su yi shiru sai numfashi. Ba kiran da ya bari ya katse. Da kansa ya je wurin hukuma ya kai musu duk abin da ke hannunsa, suka rubuta suka ce ya tafi za a neme shi, suna kallonsa wani iri. Ya dawo ya goge hotunan jirage daga shafin, ya rubuta gargaɗi da manyan baƙaƙe cewa kada kowa ya ƙara shiga. Amma da aka binciki mai shafin, sunan wa aka gani? Da adireshin wane bene? Nan da nan iyalan waɗanda suka tafi suka fara zuwa. Su zauna a kan matakalar nan mai ƙunci, kowa da hoton nasa a hannu, ba wanda ya san Darakta, kowa Injiniya ya sani. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa.

Kada ka ɗauka ni na fi su haƙuri. Na hau na ture ƙofarsa na ce, “Ina ɗana? Kai nake tambaya, mai hannun gina shafi, ina ɗana?” Na faɗa masa maganganun da uwarmu da tana raye da ta toshe kunne. Bai kare kansa ba. Ya zauna hannunsa a kan gwiwa, fankar nan tana ta kaɗa kai a bayansa. Na tsane shi a ranar, kuma ina sonsa, kuma duka biyun suna ci mini zuciya.

Tsofaffin abokan hulɗarsa suka fara janyewa cikin ladabi. Makaranta ta aiko a mayar mata da shafinta da sunanta. Mai kantin magani bai ma hau ba, daga ƙasa ya ɗaga murya. Auta ya mayar wa kowa nasa, ya rubuta masa kalmar sirrinsa, ya yi masa fatan alheri. Ya rame har wandonsa sai da na rage masa ƙugu.

Ana cikin haka, wata safiya wayar ta yi ƙara da wata doguwar lamba ta ƙasar waje. Murya daga nesa, ta namiji, cikin sauri da raɗa. Ya faɗi sunan unguwarsu da sana'ar mahaifinsa, ya ce suna da rai, suna da yawa, an kulle su a wani wurin aiki, wayar aro ce. Kafin Auta ya ce ina ne, kafin ya ce akwai wani dogo mai walda, layin ya yanke. Ba Dogo ba ne. Amma ya nuna abu ɗaya: cikin duk duniya, lambar da aka sa su haddace ita ce kaɗai igiyar da ta rage tsakaninmu da su.

Lauyar nan, wadda Auta ya daɗe yana gyara wa ofis, ita kaɗai ce ta zo da ƙafarta. Ta tsallake masu zaman matakala ta hau, ta ce in zo ni ma in ji, Malama ma tana nan. Ba ta ɓoye komai ba. Ta ce, “Injiniya, lokacin sabunta rajistar shafin ya zo. Ka bar shi ya mutu. Ka rufe akwatin, ka canja layi. Na baya za mu ce kuskuren aiki ne, an yaudare ka kamar kowa. Amma in ka sabunta yau, bayan ka san abin da ka sani, ka sa hannu da kanka cewa gidan naka ne. An rasa jaki, taiki za a doka, kuma kai ne taikin.”

Malama ta fashe da kuka ta ce ya tuna da yaransa. Ya juyo ya kalle ni. Na ce, “Auta, rufe.”

Ya ce, “Yaya, ba da zuciya ɗaya kika faɗa ba.”

Gaskiyarsa. Ya ce in Dogo ya samu wayar aro kamar wancan, minti ɗaya ne a hannunsa, kuma nan zai nema. In ya tarar da layi a kashe, shafi ba ya nan, to an sake sayar da shi karo na biyu, kuma wannan karon kawunsa ne ya sayar. Ya jawo madannai. Muna tsaye mu uku muna kallo ya rubuta sunansa cikakke, da lambarsa, da adireshin benenmu, ya danna. Lauya ta ɗauki jakarta ta ce Allah ya kyauta, za ta yi abin da za ta iya.

Ba a daɗe ba. Wata safiya ya sauko tun ban gama share shago ba, ya ce in ba shi wayata. Ya daddanna ya miƙo mini, ya ce ya karkatar da layinsa zuwa nawa, duk kiran da bai ɗauka ba ni zai samu. Na ce saboda me? Ya ce saboda tsaro dai. Ya sa rigar da na ɗinka masa, ya ɗaure takalmi, ya koma sama ya zauna kamar mai jiran mota.

Da hantsi suka zo, mutum biyu daga hukuma, ba hayaniya, har da sallama. Suka tambayi Injiniya. Masu zaman matakala suka matsa suka ba su hanya. Suka sauko da kwamfutocinsa a karkace, har da matattun da ke kan kanta, suka sa wayarsa a leda suka manne. Ɗayan ya ce mini 'yan tambayoyi ne kawai. Na ce haka ma aka ce mini ofishin Darakta gidan haya ne kawai. Auta ya ce, “Yaya, bari.” A bakin ƙofa ya tsaya, ya nuna wayata da ke kan keke da haɓarsa.

“Kada ki bari ta katse.”

Motarsu ba ta kai ƙarshen layinmu ba wayar ta fara ƙara. Na duba lambar, zuciyata tana cewa doguwa, doguwa, ya Allah doguwa. Gajeriya ce, ta nan cikin gari. Na ɗauka. Wata mata ce, daga jin muryarta sa'ata ce, ba gaisuwa ba komai. Ta ce, “Ina ɗana? Ku nake tambaya, ina ɗana?”

Na buɗe baki in ce mata baiwar Allah ni ma nawa nake nema. Sai na zauna a kan kujerar keke, na jawo numfashi, na ce, “Ina jin ki. Faɗa mini daga farko.”